Injin ruwan alkalin, batir da cokula, ko kanwar Inna: wanne ya cancanci kuɗin adashi?

Ranar wata Lahadi da la'asar Yaya ta iske ni a tsakar gida ina gyaran fanka, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta miƙo mini waya. "Auta, kai da kake koyar da kimiyya, duba mini wannan, don ni tun jiya ruwan gidanmu ya fita raina." A wani taron mata ne wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina aka ɗauki bidiyon. Wani saurayi mai kwat ya zuba ruwan burtsatse a kofin gilashi, ya tsoma wata 'yar na'ura mai sanduna, ya jona wuta. Kafin minti biyu ruwan ya koma launin tsatsa, wani koren kumfa na yawo a sama, mata suna ta salati. Daga nan ya baje hajarsa: inji ne daga Japan da ke ratsa ruwa da lantarki ya mai da shi "alkalin", wai maganin olsa, hawan jini, ciwon suga, har da daji. Kuɗinsa miliyoyin naira, amma ana biya kaɗan-kaɗan, kuma duk wadda ta kawo mai saye tana da kamasho.

Yaya ce za ta kwashi adashi a ƙarshen wata. Babban ɗanta ya ce kada ta yi asara, ya ga ana haɗa abin a YouTube da batir da cokula biyu. Inna da ke gefe tana tsintar wake ta ce in dai ruwan da ke kashe tsamin ciki ake nema, ai kanwa na nan cikin gwangwani tun kafin a haife mu. Hanyoyi uku ke nan. Na ƙara ta huɗu da kaina, wato irin butar robar nan mai 'yan duwatsu a ciki da ake tallarta a intanet. Hutun makaranta ya zo daidai, sai na ce a ba ni mako biyu in gwada su duka.

Abin da ya tayar wa Yaya hankali shi na fara da shi, don shi ne mafi sauƙin warwarewa. Sandunan na'urar nan, wasu na baƙin ƙarfe ne wasu na alminiyon. Idan wuta ta bi ta cikin ruwa, sandar ƙarfen ce ke narkewa, abin da ya narke ya haɗu da ruwan ya zama tsatsa mai ruwan ƙasa da kore. Dauɗar da matan suka gani daga jikin sandar ta fito. Ruwan da ke da gishirin ƙasa a narke yana ɗaukar wuta, shi ya sa yake saurin rinewa. Tataccen ruwan da aka cire wa komai ba ya ɗaukar wuta sosai, sai ya zauna garau, mai talla ya ɗaga shi ya ce ga mai tsabta. Na nuna wa Yaya da ƙusoshi biyu da batirin sola. Na zuba ruwan leda mai lambar NAFDAC, na barbaɗa gishiri ɗan kaɗan, na tsoma ƙusoshin, ruwan ya rine a gabanta. Ta ce, "Au, ashe wasa da hankali ne." Ruwan da aka tafasa aka tace zai rine, ruwa mai cike da ƙwayar kwalara kuma zai iya zama garau. Wannan gwajin ba ya faɗin komai game da lafiyar ruwa.

Sai maganar lambar da duk cinikin ya rataya a kanta, wato pH. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmak, Soren Sorensen, ya fito da ma'aunin a 1909. Yana tafiya daga 0 zuwa 14. Bakwai ne tsakiya, ƙasa da shi tsami ne, sama da shi kuma ɓangaren kanwa da toka da sabulu, shi ne ake kira alkalin. Kalmar ma daga Larabci Turawa suka aro ta, asalinta tokar tsire-tsire, kuma ba ta da alaƙa da alƙalin kotu duk da yara a aji ba sa gajiya da wannan tambayar. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, don haka ruwa mai lamba 9 ya fi mai 8 alkalin sau goma. Ruwan lemon tsami yana tsakanin 2 da 3. Ruwan sama yana wajen 5.6, kuma kakanninmu sun sha shi sun yi tsawon rai. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta fitar a 2007 ta yarda da duk abin da ya faɗa tsakanin 6.5 da 8.5.

Kayan gwajina ba su da yawa. Takardar gwajin pH mai canza launi, wadda ake samu wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Ɗan mita mai kamar biro da ke auna yawan abin da ya narke a ruwa, wanda ake ce wa TDS. Sai zoɓo da kurkum daga kicin. Zoɓo ma'auni ne na gaske: jan da ke cikinsa yana zama ja a cikin tsami, ya koma shuɗi-shuɗi ko kore mai duhu a cikin kanwa, abin da duk macen da ta taɓa kuskuren haɗa su ta sani. Kurkum kuwa rawaya ne, amma in ya haɗu da alkalin mai ƙarfi sai ya koma ja, kamar yadda tabonsa ke yi a riga idan aka goga sabulu. Illar zoɓo ɗaya ce: shi kansa yana da tsami, in ka zuba da yawa zai kashe abin da kake son aunawa. Gara ka jiƙa farar takarda a cikinsa ka shanya, ka riƙa ɗiga ruwan a kai. Mitar pH ta lantarki ta fi takarda daidaito, da sharaɗin ana saita ta da ruwan saiti na musamman. In ba a yi ba, ƙarya take yi da lambobi masu kyan gani.

Na fara da shawarar ɗan Yaya, tunda ita ce ba ta cin kuɗi. Kofunan roba biyu, ruwan burtsatse a kowanne, jiƙaƙƙiyar auduga ta haɗa su kamar gada, cokali a nan cokali a can, batirin sola mai bolt 12. A kofin baƙar waya ƙananan kumfa suka fara fita daga jikin cokalin, iskar haidurojin ke nan, kuma bayan sa'o'i takardar gwaji ta nuna lambar ta hau. A kofin jar waya kuma ruwan ya karkata zuwa tsami. Wato yaron bai yi ƙarya ba, abin yana aiki, kuma asalin abin da injin miliyoyin ke yi ke nan. In ka yi a kofi ɗaya ba tare da raba su ba, tsamin da alkalin ɗin suna sake haɗuwa su kashe juna, ka tashi a tutar babu.

Matsalar tana kofin jar waya. Can ne wuta ke cin ƙarfe. Da ƙusa, tsatsa ce. Da wayar jan ƙarfe, ruwan yana yin shuɗi-kore, guba ce. Cokalin silba da muke ganin ba ya tsatsa, haɗi ne na ƙarfe da kuromiyam, sau da yawa har da nikel, kuma wuta tana iya narkar da kuromiyam ɗin zuwa wani nau'i mai launin rawaya wanda aka tabbatar yana da haɗari ga jiki. Audugar da ke tsakanin kofunan ba katanga ba ce, abin can yana iya tsallakowa nan. Da na ga aikin na tafiyar hawainiya na ƙara gishiri don wuta ta fi bi, kamar yadda masu bidiyon ke yi, nan take warin bilic ya tashi, don gishiri in wuta ta ratsa shi kulorin yake saki. Wasu na cewa a fasa tsohon batirin rediyo a ciro baƙar sandar tsakiya a yi amfani da ita. Ita ba ta narkewa kamar ƙarfe, amma ta kwana cikin sinadarin batir, kuma tana marmashewa cikin ruwan. Masu ƙera injin gaske da taitaniyam suke yin farantansa su shafe da filatinam, su sa tantani na musamman a tsakani, kuma wannan ne babban abin da ba za ka haɗa a tsakar gida ba. Ƙari a kan haka haidurojin na kama wuta, kada a yi a rufaffen ɗaki, kuma kada wanda ya kuskura ya jona wannan haɗin da wutar soket. Hukuncina a kan wannan hanya gajere ne: ta yi kyau a nuna wa ɗalibai, sannan a zubar da ruwan a kwata. Ban sha ba, ban bar kowa ya ɗanɗana ba.

Kanwar Inna ta fi ban sha'awa. Ɗan gutsure kamar ƙwayar dawa a kofi, takardar zoɓo ta koma kore nan take, kurkum ya yi ja. Ba wuta, ba jira. Bekin soda ma haka, sai dai ita ta fi ladabi: ko nawa ka zuba, lambarta tana tsayawa wajen 8.3. Kanwa takan wuce nan, don ban da irin sinadarin bekin soda tana ɗauke da wani ɗan'uwansa da ya fi shi kaifi, kuma kowane dunƙule da nasa ƙarfin, jar kanwa daban ungurnu daban, ga yashi da ƙasar wurin da aka haƙo ta. Ruwan toka ya fi su duka zafi, wannan na miya ne da sabulu, ba na sha ba. Lemon tsami da wasu ke cewa a matsa a ruwa ya zama alkalin, takarda ta nuna tsami ƙarara, ba sai an ja magana ba.

A nan ne na yi gwajin da ya fi kowanne amfani, kuma kowa zai iya yin sa. Wani abokin aikina da ya riga ya sayi injin ya cika mini gora daga wurin da aka rubuta 9.5. Na auna, lambar ta kai yadda aka ce, ta fi ta ruwan bekin soda. Sai na jera kofuna biyu, ɗaya ruwan inji, ɗaya ruwa mai rabin ƙaramin cokali na bekin soda, na riƙa ɗiga lemon tsami ina lissafi. Ruwan injin, ɗigo kaɗan ya rusa shi, ya dawo ƙasa da bakwai. Na bekin soda kuwa na yi ta ɗigawa yana kumfa yana shanyewa har lemon ya ƙare na yanka wani. Tsayin lamba daban, ƙarfin kashe tsami daban. Ruwan inji kamar ɗan dambe ne mai kirari da yawa, naushi ɗaya ya kai ƙasa.

Lissafin ma yana goyon bayan haka. Ruwan da ke cikin tumbin mutum yana tsakanin 1.5 da 3.5, kuma ciki na samar da fiye da lita guda a kowace rana. In ruwa bai da gishirin ƙasa da yawa, abin da ya ɗaga lita guda zuwa 9.5 bai fi ƙarfin mililita 1 na ruwan ciki mai lamba 1.5 ba, alhali ƙaramin cokali mililita 5 ne. Rabin cokalin bekin soda yana kashe tsamin da ya ninka wannan sau ɗaruruwa. Jini kuma yana zaune tsakanin 7.35 da 7.45, huhu da ƙoda ne ke tsare da shi dare da rana. Wanda lambar jininsa ta fita daga nan, gadon asibiti yake, ba neman ruwan gora ba. Abin da kawai ke ɗan canzawa in ka sha alkalin da yawa shi ne fitsari, wato ƙoda ta yi aikinta ta fitar da rarar.

To sai a ce Inna ta ci gasa? Ta ci ta wajen kashe ƙwannafi, amma da tsada a wani wurin. Ana ce wa kanwa "fotash" a kasuwa, alhali yawancinta sodiyam ne, irin wanda ke cikin gishiri. Fiye da kashi 27 cikin 100 na nauyin bekin soda sodiyam ne, rabin ƙaramin cokali yana da wajen miligiram 600. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai miligiram 2,000 a rana, daidai da giram 5 na gishiri, kuma mu da dunƙulen miya da yaji da daddawa mun riga mun cika mudun. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai ciki, duk wanda ya mai da ruwan kanwa ruwan shansa na kullum yana ƙara wa kansa kaya. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Bincike na baya-bayan nan a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam, amma ba wanda ya wanke yawan kanwa ya ce alheri ne ga zuciya. Da na faɗi haka Inna ta ce ita ta yi jego tara da kunun kanwa ga ta nan daram. Na ce Allah ya ƙara lafiya, Inna. Ba a jayayya da wadda ta haife ka a kan jego.

Butar duwatsu ba ta da dogon labari. Yawanci ƙananan ƙwallaye ne masu magniziyam da kalsiyam, wani lokaci da gawayin tacewa. Magniziyam in ya jiƙa yana sakin haidurojin kaɗan ya ɗaga lambar ruwan. Ta yi aiki a farko, ta rage warin ruwa, ba ta buƙatar wuta, kuma ba ta loda wa mutum sodiyam. Amma ƙarfinta yana raguwa da amfani, dole a riƙa sauya cikinta, kuma in ta zauna a jiƙe cikin zafin Katsina ba a wanke ba, ita kanta takan zama gidan ƙwayoyin cuta. Wadda ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ni ban ga dalilin jiƙa ta a ruwan da yara za su sha ba.

Injin kansa fa? Ban ce damfara ne ba. Ma'aikatar lafiya ta Japan ta amince da irinsa tun 1965 a matsayin na'urar gida, amma don ƙananan matsalolin ciki: rashin narkewar abinci, yawan tsami, gudawa mai daɗewa. Ba daji, ba suga, ba hawan jini. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2012 ya nuna ruwa mai lamba 8.8 yana kashe kaifin sinadarin fefsin da ke ƙona maƙogwaro, amma a kwalbar gwaji aka yi, ba a jikin mutane ba. A 2016 wasu masu bincike a Kanada suka tattara abin da aka rubuta kan alkalin da ciwon daji, ba su sami hujjar cewa yana hanawa ko warkarwa ba. Olsa kuwa yawancinta ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ke jawo ta, ko yawan shan magungunan ciwon jiki. Likitocin Ostareliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, sun sami kyautar Nobel a 2005 kan gano haka, kuma maganinta na kwanaki ne da likita ke rubutawa. Haidurojin da ke narke a ruwan ana kan bincikensa, sai dai ko an cika shi bai wuce wajen miligiram 1.6 a lita, kuma yana gudu. Gorar abokina da na bari a buɗe, washegari lambarta ta sauko, don ruwan yana shaƙar iskar da ke kewaye da shi. Wanda ke sayen ruwan inji a jarka ya ajiye na mako, ruwa kawai yake sha. Sauran abubuwan al'ajabin da ake nunawa a taro, kamar shayi ya yi duhu nan take ko man ja ya kaɗe ya yi kauri, duk matar da ta taɓa sa kanwa a girki ta riga ta gan su.

Kalmar "minaral" da ake liƙa masa ma tana buƙatar gyara, ba don mu nan in an ce minaral lemon kwalba muke nufi ba. Injin ba ya ƙirƙirar kalsiyam ko magniziyam. Wanda ke cikin ruwanka ne yake turawa gefe guda, sai in an sa masa wani garin ƙari. Babba na buƙatar wajen miligiram 1,000 na kalsiyam a rana, kuma nono da zogale da kuka da riɗi da wake sun fi kowane ruwa ba da shi. Kwanon fura da nono ya yi wa injin nisa a wannan fagen.

Sannan a dubi gidan da za a kai shi. An ƙera shi ne don ƙasar da famfo ke zuwa da ƙarfi kullum, da ruwan da aka riga aka kashe wa cuta, da wutar da ba ta ƙiftawa. Gidan Yaya 'yan garuwa ke kawo jarkoki a kura, famfon da ke zuwa daga dam ɗin Ajiwa sai an yi sa'a, wuta kuma kowa ya san hali. Kafin injin ya yi aiki sai an sa tanki a sama da famfo mai matsi da inbata. Yana zubar da wani kaso na ruwan ta bututun tsami, a garin da ake sayen ruwa da jarka. In ruwan unguwarku mai zartsi ne, irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki kuma yake barin farin ɓawo a gindin tukunya, wannan ɓawon zai riƙa daskarewa a farantan, sai an yi ta wankewa. Matatar cikinsa ana sauya ta lokaci-lokaci da kuɗin da ke bin dala, kuma yawancinta gawayi ne mai cire wari da kulorin, ba a yi ta don ruwan rijiya ba. Masu ƙera shi da kansu suna rubuta cewa kada a sha magani da ruwan, kuma mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna. Sunan alkalin ma ba garkuwa ba ne: a 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutane kan ruwan alkalin na wani kamfani a Las Vegas bayan yara sun kwanta da ciwon hanta.

Duk tsawon mako biyun nan abin da ya fi damuna shi ne, ba ɗaya daga cikin hanyoyi huɗun da ya taɓa abin da ke kwantar da mutanenmu da damina, wato amai da gudawa da taifot. Takardar pH ba ta ganin ƙwayar cuta. Mitar TDS ma ba ta gani, gishirin da ya narke kawai take ƙiyastawa. Ƙa'idar Najeriya ta sa iyakarsa a miligiram 500 a lita, amma ruwa zai iya nuna 80 yana ɗauke da cuta. Dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, iyakarta a ruwa miligiram 0.01 ce a lita, mitar ba za ta ko motsa ba. Naitiret da ke tsiyayowa daga shadda zuwa rijiya, iyakarsa miligiram 50 a lita, yana da haɗari ga jarirai, kuma tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa kauri take yi. Irin waɗannan sai ɗakin gwaji. Akwai sassan kimiyya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Hassan Usman Katsina da jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma, ga hukumar ruwa ta jiha da RUWASSA mai kula da ruwan karkara. Nan ne wuraren da mutum zai fara tambayar yadda ake kai samfur. Abu uku za ka ce a duba maka kafin komai: E. coli, ƙwayar da ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, wadda ƙa'ida ta ce kada a sami ko ɗaya a mililita 100, sai naitiret, sai fuloraid in haƙoran yaran unguwa suna yin ja.

Abin da ke kashe cuta kuwa araha ne har ya ba da kunya. Tafasa ruwa ya yi minti guda yana ɓararraka. Ko kulorin na ruwan sha irin su WaterGuard da Aquatabs, a bi awon da ke jikin kwalin a jira minti 30. Ko gorar roba mai haske a shanya a rana sa'a 6, mu da rana ba ta yi mana rowa. In ruwan ya yi gurɓi a fara kwantar da shi da alif ko dakakken irin zogale a tace. Wani abin lura, kulorin ya fi aiki in lambar ruwa tana ƙasa da 8, don haka wanda ya fara jefa kanwa sannan ya sa kulorin ya rage masa ƙarfi da hannunsa. Bayan an gyara ruwan, a randa ake ɓata shi: moɗa ɗaya, hannu goma, yaro ya sha ya mayar.

Don haka ga yadda na raba wa Yaya. In ƙwannafi ne ke taso mata jifa-jifa bayan tuwo da yaji, maganin tsamin ciki na kemis mai awo a jiki ya fi kanwa tabbas, ya fi inji ƙarfi, kuma in abin ya wuce mako biyu ko ya zo da rama ko baƙin bayan gida, asibiti za ta a gwada ta. In ɗanɗanon ruwan ne bai yi mata ba, matata mai gawayi ko mai kyandir ta isa. Wanda Allah ya hore wa, gidansa da tanki da sola da ruwan da aka riga aka gwada, kuma yana jin daɗin santsin ruwan inji a maƙogwaro, ya saya, kuɗinsa ne, amma kada ya ajiye maganin hawan jininsa saboda shi. Batir da cokula kuwa na ƙwace daga hannun ɗanta, na ce ya zo makaranta ranar da za mu yi darasin.

Yaya ta yi shiru, sannan ta ce, "To ita wadda ta gayyace ni fa, Auta? Na riga na ce mata ina so." Na ce ta ce mata ƙanenta ya hana, ni ba na jin kunyar ɗaukar laifin. Da adashin ya fito ta sayi bokiti biyu masu murfi da famfo a gindi da matata mai kyandir, ta sa aka ɗaga bakin rijiyar gidan aka yi mata marfi, sauran ta zuba a jarin atamfofinta. Kwalbar ruwan rijiyar da za a kai gwaji tana jiran in samo mata wadda aka tafasa, don ta farko a gorar lemo ta ɗebo, na ce ba za su karɓa ba. Inna kuma har yau in ta ga na ɗauko takardar zoɓo sai ta turo mini gwangwanin kanwarta ta ce in auna mata wannan sabuwar da aka kawo daga Maraɗi, wai tana jin ta fi ta da kaifi.